Darasi na 12: Abubakar Kaki, Marit Biyorgen da Tsawon Ran Ɗan Tsere

Yawancinmu idan aka ce wasa, ƙwallo muke nufi. A wuraren shan shayi na Wad Madani gardamar ƙungiyoyin Hilal da Marikh ba ta ƙarewa, kuma har yau dattawa na ba da labarin shekarar 1970, lokacin da filin wasan garin nan ya sauki ƙungiyoyin Gana, Masar, Gini da Kongo a gasar cin kofin Afirka, kofin da Sudan ta ɗauka bayan ta ci Gana ɗaya da nema a Khartum. Amma lambar yabo guda ɗaya tak da Sudan ta taɓa ciyowa a gasar Olamfik ba ƙwallo ce ta kawo ta ba, gudu ne. A darasin yau za mu bi sawun wani ɗan ƙasar nan da ya girgiza duniya da gudu tun bai kai shekara ashirin ba, tauraronsa kuma ya dusashe da wuri. Daga nan mu leƙa ƙasar Norwe, inda ya yi gudun da ya fi kowanne a rayuwarsa, mu ga wata mata da ta yi kusan shekara ashirin tana tsere ana damawa da ita. Kafin nan sai mun koyi karanta lambobin, domin wanda bai iya su ba, rabin labarin zai wuce shi.

Yadda ake karanta lokacin tsere

Zagayen filin tsere mita 400 ne, saboda haka mai gudun mita 800 sau biyu yake zagawa. Wanda bai taɓa ganin irin filin ba ya auna da filin ƙwallo. Babban fili daga raga zuwa raga ya ɗan haura mita 100, to mita 800 ta kusa bin tsawon nan sau takwas.

Ga yadda ake rubuta lokaci a jarida: 1:42.69. Lambar farko, wadda ke kafin ɗigo biyu, minti ce, wato minti 1. Ta tsakiya sakan ce, sakan 42. Ta ƙarshe kuwa gutsuren sakan ne: an kasa sakan ɗaya kashi ɗari, an ɗauki kashi 69. Ku lura, a nan mai ƙaramar lamba shi ne ya yi nasara, ba kamar ƙidayar buhunan dawa ba da mai babbar lamba ke gaba. Wanda ya yi 1:42 ya riga wanda ya yi 1:44 isowa.

Mu ɗan taɓa lissafi. Minti ɗaya sakan 60 ne. A haɗa da 42.69, an sami sakan 102.69. A raba gida takwas, kowace mita 100 ta ci sakan 13 saura kaɗan. Saurayi mai ji da ƙarfi a ƙauyenku zai iya yin mita 100 a sakan 13, ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki. Wanda ya yi 1:42.69 ya jera irin wannan sau takwas ne ba tare da ya tsaya ba.

Shi ya sa masu gudu ke shakkar wannan tsere. Ya yi wa mai gudun ƙarfi tsawo, ya yi wa mai dogon zango sauri. A mita 200 na ƙarshe iskar da huhu ke ja ba ta isar jiki, cinyoyi su yi nauyi, hannuwa su ƙi ɗaguwa. Kusan kullum zagayen farko ya fi na biyu sauri. Wanda ake gani kamar ya ƙara wuta a ƙarshe, sau da yawa saurinsa ne bai ragu kamar na sauran ba.

Daga Muglad zuwa Oslo

An haifi Abubakar Kaki Khamis ran 21 ga Yuni, 1989, a Muglad da ke Kordofan ta Yamma, ƙasar makiyayan shanu. Shi ma da ƙwallo ya fara, mai tsaron raga ne. A wani tseren 'yan makaranta ne Jama Aden, ɗan Somaliya mai horar da 'yan guje-gujen Sudan, ya ɗora ido a kansa. Yaron ya fita da ƙarfi tun farko ya bar kowa a baya, ƙarfinsa ya ƙare kafin a kai ƙarshe, aka yi ta wuce shi. 'Yan kallo wanda ya ci suke tafa wa. Shi mai horarwa ya ga takun yaron da zuciyarsa, ya san sauran aikin koyarwa ne.

Kada ku ɗauka an kai shi wani ƙasaitaccen wuri. 'Yan jaridar da suka ziyarci 'yan tseren Sudan a Khartum a 2008 sun tarar da su suna atisaye a filin da ba a gama gininsa ba, ƙarfen ɗagawarsu kuwa gwangwanayen fenti ne da aka cika da siminti. Daga nan suka fita suka kara da ƙasashen da ke da komai.

A 2005, yana ɗan shekara 16, ya zo na uku a mita 1500 a gasar matasa ta duniya a Marrakesh ta Maroko. A wannan gasa ce wata yarinya 'yar Sudan, Nawal El Jack, ta ci zinare a mita 400, ku riƙe sunanta, za mu dawo kan batun 'yan mata. A 2007 Kaki ya ci zinaren mita 800 a wasannin Afirka a Aljeriya, ya sake ci a wasannin ƙasashen Larabawa a Masar. Sai watan Maris na 2008, a birnin Balensiya na ƙasar Sifen, inda ake gasar duniya ta cikin rufaffen ɗaki. Filin cikin ɗaki ƙarami ne, mita 200, don haka sau huɗu ake zagawa. Kaki ya shiga gaba ya ƙi ba kowa hanya, ya gama a 1:44.81. Shekararsa 18, kuma kafin shi ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru irin nasa da ya ci zinare a wannan gasa ba.

Bayan wata uku, ran Juma'a 6 ga Yuni, ya tsaya a filin Bislett da ke Oslo, babban birnin Norwe. Tsohon fili ne mai tarihi, 'yan kallo na dab da masu gudu. Lambar da muka yi lissafi da ita ɗazu, 1:42.69, a nan ya yi ta. Bajintar 'yan ƙasa da shekara ashirin da wani ɗan Kenya, Jafet Kimutai, ya kafa tun 1997 ita ce 1:43.64, Kaki ya zaftare mata kusan sakan guda cur. A duk shekarar 2008 babu babba ko yaro a duniya da ya yi lokacin da ya kai wannan. Wanda ya zo na biyu a ranar wani dogon saurayi ne daga Kenya, Dabid Rudisha.

Beijin da Barlin

Da watan Agusta ya kama, duk Sudan ta zuba ido. Tun 1960 ƙasar ke zuwa Olamfik tana dawowa hannu rabbana. Kaki aka ba tuta ya riƙe a bikin buɗe gasar Beijin, kuma kowa ya gama ƙirga masa zinare.

Sai dai tseren Olamfik daban yake da tseren rana ɗaya irin na Oslo. Sau uku ake gudu cikin kwana huɗu: zagayen share fage, na kusa da ƙarshe, sannan na ƙarshe. A na kusa da ƙarshe ƙafa ta ƙi, Kaki ya zo na baya a rukuninsa, aka fitar da shi. Yaro ne ɗan shekara 19 da aka aza wa burin ƙasa guda a ka, bayan ya shafe watanni tun daga hunturu yana tsere ba hutu. A ganina wanda ya zarge shi bai yi masa adalci ba.

Rabon na wani ne. Isma'il Ahmad Isma'il, abokin atisayensa, wanda iyayensa mutanen Darfur ne, ya riga ya ɗanɗana tseren ƙarshe na Olamfik a Atina a 2004. Ran 23 ga Agusta, 2008, ya zo na biyu a tseren ƙarshe, ya gama a 1:44.70. Wilfred Bungei na Kenya ya yi 1:44.65. Ku cire ku gani: kashi 5 cikin ɗari na sakan, a ƙasa bai kai kamu ɗaya ba. Azurfar Isma'il ita ce lambar Olamfik ta farko ga Sudan bayan jiran shekara 48, kuma har aka tashi daga gasar Faris ta 2024 ba a ƙara wata ba.

A 2009 aka je gasar duniya a Barlin ta Jamus. A zagayen kusa da ƙarshe Kaki na gaba, ƙafafu suka sarƙe, ya faɗi ƙasa, wasu biyu suka yi tuntuɓe da shi. Su biyun aka ba su damar shiga tseren ƙarshe, shi ba a ba shi ba. Shekara biyu a jere ke nan babbar gasa na kuɓuce masa. Da yawa daga nan suke karaya. Shi a watan Maris na 2010 ya je Doha ya sake ɗaukar zinaren gasar cikin ɗaki.

Zamanin Rudisha

Ran 4 ga Yuni, 2010, aka koma Bislett. Wannan karon Rudisha ya nuna. Su biyu suka ɓalle suka bar sauran, Rudisha a gaba da dogon takunsa, Kaki, wanda bai kai shi tsawo ba, manne da bayansa. A kwanar ƙarshe Kaki ya fito gefe yana neman wucewa, ya matso, ya ƙara matsowa, layi ya riga shi. Rudisha 1:42.04, Kaki 1:42.23. Tazarar ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Dukansu biyu sun karya bajintar filin, 1:42.33, wadda Sebastiyan Ko na Ingila ya kafa tun 1979. Gudun da ya fi kowanne a rayuwar Kaki ke nan, kuma na biyu ya zo. A watan Agustan shekarar Rudisha ya karya bajintar duniya sau biyu cikin kwana takwas.

A gasar duniya ta 2011 a Degu ta Koriya ta Kudu haka aka sake jeruwa, Rudisha zinare, Kaki azurfa. Ita ce lambar farko da Sudan ta samu a babbar gasar duniya ta fili.

Sai Landan, 9 ga Agusta, 2012, tseren da masana da yawa ke cewa ba a taɓa yin mita 800 kamarsa ba. Rudisha ya fita tun daga harbin bindiga, ya gama zagayen farko a sakan 49 da 'yan kai. Kaki zai iya laɓewa a baya ya tanadi ƙarfi ko ya tsinci tagulla. Bai yi haka ba, ya bi Rudisha ƙafa da ƙafa kamar yadda ya saba tun tseren makaranta. A zagaye na biyu wutar ta cinye shi. Rudisha ya gama a 1:40.91, sabuwar bajintar duniya da har yau ake magana a kanta. Wani yaro ɗan Botsuwana, Nijel Amos, ya zo na biyu a 1:41.73, ya ƙwace bajintar matasa da Kaki ya kafa a Oslo. Kaki ya zo na bakwai cikin takwas, a 1:43.32.

Ku ɗauki fensir. Zinaren Beijin an ci shi a 1:44.65. Na bakwai a Landan ya yi 1:43.32. Bambancin sakan 1.33 ne, kimanin mita goma. Ashe gudun da ya ba Kaki na bakwai a 2012, da a 2008 ya yi shi da zinare ya ɗauka, babu ma wanda zai kusance shi. Wanda ya ji "na bakwai" kawai zai ce ya gaza. Wanda ya iya karanta lamba ya san ba haka ba ne.

Shekararsa 23 a Landan, shekarun da yawancin masu wannan tsere ke fara nuna. Bayan nan ba a sake ganinsa a tseren ƙarshe na Olamfik ko na gasar duniya ba.

Matar da ta daɗe

Norwe, inda Kaki ya yi manyan gudunsa biyu, ƙasa ce a can arewacin Turai da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Wasan da suka fi ji da shi tsere ne a kan wannan ƙanƙara. Ana ɗaura wasu dogayen faifai biyu sirara a ƙafa, a riƙe sanda a kowane hannu, a riƙa turawa ana sulalewa, a hau tudu a gangara kwari a ratsa daji, wani lokaci kilomita 10, wani lokaci 30 ko 50. Hannu da ƙafa da baya duk aiki suke yi, shi ya sa ake sa shi cikin wasannin da suka fi cin numfashi.

Marit Biyorgen, wadda aka haifa a 1980, 'yar manoma ce daga wani ɗan ƙauye mai suna Rognes, kuma da sunan ƙungiyar ƙauyen ta yi ta tsere har ta bari. Ta sami lambarta ta farko ta Olamfik a 2002, ta ci zinaren duniya a 2003, ta zama ta ɗaya a jimillar gasannin shekara a 2005 da 2006. Sannan abu ya lalace. A Olamfik ta 2006 a Turin azurfa ɗaya ta samu alhali zinare ake jira. A gasar duniya ta 2009 ko lamba ɗaya ba ta ciyo ba. Tana dab da cika shekara 29, mutane suka fara cewa ta ƙare.

Ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau. Tun tana budurwa Marit na da littafin da take rubuta atisayenta na kullum: awa nawa, wane iri, da ƙarfi ko a hankali, yaya jiki ya ji. Da abu ya ƙi, ita da masu horar da ita suka koma kan waɗannan rubuce-rubuce. A shekarun baya ta riƙa jera kwanaki tana atisaye mai tsanani ba isasshen hutu. Da farko ya ɗaga ta, daga baya ya riƙa cin jikinta. Aka sauya tsari, aka rage na tsananin, aka ƙara dogon atisaye na a hankali da hutu, aka kuma kula da ciwon asma da take fama da shi. A 2010 a Bankuba ta Kanada ta ci zinare uku. A 2011, a gaban mutanenta a Oslo, ta ci huɗu. A 2014 a Soci ta Rasha ta ƙara uku.

Masana a jami'ar Tronhaim sun nazarci littattafan nan nata, suka fitar da sakamako a 2017. A shekarun da ta fi tashe tana yin atisaye kimanin awa 940 a shekara, wato wajen awa biyu da rabi kowace rana. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, kusan kashi tara cikin goma na atisayen juriyarta a hankali take yin sa, irin saurin da mutum zai iya hira da na kusa da shi. Samarinmu kuwa sun ɗauka idan ba a yi gudu har an ga jiri ba, ba a yi komai ba. Kuskure ne, kuma shi ke karya yara da yawa.

A Disamba 2015 ta haifi ɗa namiji. A 2017 ta dawo gasar duniya a Lahti ta Finlan ta kwashi zinare huɗu. Ran 25 ga Fabrairu, 2018, a Olamfik ta Koriya ta Kudu, tana dab da cika shekara 38, ta shiga tseren kilomita 30. Tun da sauran nisa ta ɓalle ita kaɗai, ta gama a awa 1 da minti 22, ta biyu ba ta iso ba sai bayan minti 1 da sakan 49. Lambarta ta 15 ke nan a Olamfik, 8 daga ciki zinare, kuma a ranar babu mace ko namiji da ya tara lambobi kamarta a wasannin hunturu. A watan Afrilu ta ce ta ajiye, da kanta, tana kan ganiyarta.

Gaskiya ne wasannin biyu ba ɗaya ba ne. Gudun mita 800 na dukan gwiwa da agara fiye da sulalewa kan ƙanƙara, kuma Norwe na da arzikin mai, da likitoci da kayan aiki. Duk da haka a duba. A shekara 23 labarin ɗayan ya zo ƙarshe. Ita kuwa ɗayar ta faɗi dab da 29, ta tarar da mutanen da za su zauna da ita, da rubutun da za a duba a gano inda aka kauce, ta ƙara shekara tara tana cin zinare. Ba na jin ta fi Kaki baiwa. Ta fi shi abin dogara ne.

Kuma ba duk abin dogarar ne kuɗi ke saye ba. Ƙananan ƙungiyoyin wasa na ƙauyukan Norwe iyaye ne ke tafiyar da su da aikin gayya, wannan ya share hanya, wancan ya riƙe agogo, wata ta dafa abin sha. Tun 1987 suna da ƙa'idojin kare yara a wasa: ba a fitar da jerin wa ya ci wa ya faɗi kafin shekara 11, ba a shiga gasar ƙasa kafin 13. Ana barin yaro ya taɓa wannan wasa ya taɓa wancan har ya gane nasa. Da haka ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan biyar ta tara lambobi 39 a gasar 2018, fiye da kowace ƙasa. Mu kuwa da a ce Jama Aden bai je kallon tseren makarantar nan ba, da wataƙila Kaki ya ƙare a raga. Kaki nawa ne a ƙauyukan Jazira da bakin Shuɗin Nilu da ba wanda ya je kallonsu?

A ƙauyukanmu

Juriya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, daga Sakkwato da Kano da Katsina, ta Barno da Wadai da Darfur, wasu da niyyar Hajji, wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu shekaru suka yi a hanya, su tsaya su yi noma su ƙara gaba. Yaranmu da langa da kokawa suke tashi, suna bin awaki, suna zuwa hawasha, wato gonar ban ruwa, da ƙafa. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, gaɓar tur'a, wato magudanar ruwan noma, a miƙe take, ƙasarta ba ta cin gwiwa kamar kwalta. Filin atisaye ke nan kyauta.

Mun san halin da ake ciki. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, garin bai koma hannun sojojin gwamnati ba sai Janairun 2025. An rasa rayuka, an watse, makarantu sun daɗe a rufe, Hilal da Marikh ma sai da suka tafi Muritaniya buga gasa. Wani zai ce ana wannan hali wa ke ta gudu? Ni kuwa ina ganin yaron da ya ga abin da yaranmu suka gani ya fi kowa bukatar abin da zai tashe shi da asuba, ya haɗa shi da sa'o'insa, ya gajiyar da shi ya yi barci. Amma kafin a sa yara gudu a wani fili, manya su tabbatar an duba shi. Duk wani baƙon ƙarfe ko harsashi da aka gani kada a taɓa, a sa alama daga nesa a sanar da hukuma.

A yi gudun da sanyin safiya bayan sallar asuba, ko da yamma liƙis, a sha ruwa mai tsabta kafin da bayan. A hana yara faɗawa tur'a don su huce, domin a ruwan nan ake kwasar tsargiya, ita da zazzaɓin cizon sauro kan shanye jini, mai ƙarancin jini kuwa ba ya gudu. Yaron da ke fitsarin jini ko yawan haki a kai shi asibiti tukuna. Wake, gyaɗa, ful (wani irin wake), madara da ƙwai idan an samu sun isa gina jiki. Ƙwaya ko allurar ƙara ƙarfi haramun ce a dokar wasanni, kuma tana lalata lafiya. Wanda ya ji ciwo ya huta har ya warke, kada a zuga shi da cewa shi rago ne.

Iyaye mata da ke cikin ajin nan, 'yan mata ma su yi. Nawal El Jack 'yar ƙasar nan ce. Za a iya ware musu lokacinsu da wurinsu, da suturarsu ta mutunci, malama ko wata uwa ta tsaya a kansu.

Tambayoyi da aiki

1. Ku karanta waɗannan lokuta da baki, sannan ku jera su daga mafi sauri: 1:44.70, 1:42.23, 1:43.32, 1:40.91. Wane ne ya yi kowanne, a wane gari?

2. Marit ta yi atisaye awa 940 a shekara. Idan kashi tara cikin goma a hankali ne, awa nawa ke nan?

3. Ku tattauna biyu-biyu: a tseren Landan, da ku ne Kaki, za ku bi Rudisha ko za ku jira a baya? Kowa ya kawo dalilinsa.

Aikin gida na wannan mako na aji ne gaba ɗaya. Ku sami igiya ku auna mita 10, ku yi amfani da ita ku auna mita 400 a gaɓar tur'a ko bayan makaranta, ku kafa alama a farko da ƙarshe. Ku nemi yara biyar zuwa goma masu shekara 12 zuwa sama, da yardar iyayensu, su je su dawo a saurin da za su iya. Wani ya riƙe agogon waya, wani ya rubuta a littafi: kwanan wata, sunan yaro, lokacinsa yadda muka koya, da abin da ya ce jikinsa ya ji. Kada ku sanar da wanda ya ci, kowane yaro a gaya masa nasa lokacin kawai. Ku zo da littafin aji na gaba, za mu karanta shi tare.